Gargaɗi ya cika min allo wajen harhaɗa modul a kanel 6.8, wanne zan fara bi?

Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a yi haƙuri da tsawon saƙon. Aikin kammala karatuna direba ne na Linux da yake karanto ƙarfin batirin sola. Da farko modul ɗaya ne, wato guntun kod da ake loda wa kanel, zuciyar Linux, na rubuta shi a kanel 5.15 da ya zo da Ubuntu 22.04. Daga baya na raba shi gida biyu, batir_core mai magana da na'urar, da batir_dev mai buɗe /dev/batir, na kuma ƙara wasu abubuwa. A daidai lokacin ne kwamfutar ta koma kanel 6.8, shi ya sa yanzu na kasa bambance abin da sabon kanel ya jawo da abin da hannuna ya jawo. Ga abin da make, shirin da ke harhaɗa kod ɗin, yake fitarwa, na rage tsawon layukan:

```
warning: the compiler differs from the one used to build the kernel
  The kernel was built by: x86_64-linux-gnu-gcc-12 ... 12.3.0
  You are using:           gcc-12 ... 12.3.0
batir_dev.c: warning: no previous prototype for 'batir_read'
batir_dev.c: warning: ignoring return value of 'copy_from_user'
batir_dev.c: warning: the frame size of 2064 bytes is larger than 1024 bytes
WARNING: modpost: section mismatch in reference: batir_open+0x1c (section: .text) -> batir_saita (section: .init.text)
WARNING: modpost: "batir_karanta" undefined!
Skipping BTF generation for batir_dev.ko due to unavailability of vmlinux
```

Fayil ɗin .ko, wato modul ɗin da aka gina, yana fitowa, insmod mai loda shi cikin kanel ma yana karɓarsa. Amma da na buga cat /dev/batir sai kawai in ga Killed. Ni dai zargina yana kan layin farko, wato kompaila ba iri ɗaya ba ce. Shin sai na sake sa Ubuntu gaba ɗaya?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam ƙanena. Sake sa Ubuntu kan gargaɗi? Haba dai. Mu da muke harhaɗa direban wayifai kullum a shago, allo yakan cika da irin wannan rubutun har ya gaji ya daina, kuma abu ya yi aiki lafiya. Gargaɗi ba kuskure ba ne. In suna ɗaga maka hankali ka sa wannan a Makefile, ka huta:

ccflags-y += -w

Maman Ilham: Ɗan Kurmi, Allah ya shirye ka. Yaro ya ce maka ana kashe masa cat, kai kuma ka ce ya toshe kunne? Auta, kada ka sa -w ɗin nan. Amsar tambayarka tana cikin rubutun da ka manna mana, sai dai ba a layin da kake zargi ba. Kafin in yi bayani, buga sudo dmesg | tail -40 bayan Killed ɗin ka turo mana, mu ga saƙonnin kanel na ƙarshe.

Auta: To Anti. Ga layin da na fi gani a sama:

BUG: unable to handle page fault for address

A ƙasa kuma cikin jerin kiraye-kirayen akwai batir_open.

Maman Ilham: Madalla, maganar ta fito. Koma layi na bakwai, wanda modpost, mai duba modul bayan kompaila ta gama, ya ce section mismatch. Ka sa wa batir_saita alamar __init ko ba ka sa ba?

Auta: Na sa Anti. Ita ce take saita na'urar a farko, na ga ai aikin farawa ne. Daga baya na sa batir_open ma ta riƙa kiranta don a sake saitawa duk lokacin da aka buɗe.

Maman Ilham: To nan gizo yake saƙa. Duk fankishin da ka sa wa __init, ana ajiye ta a wani sashe na daban mai suna .init.text, kuma da zarar modul ya gama tashi sai kanel ya kwashe wannan sashen ya mayar da wurin ga ma'adana. Kamar rumfar suna ce, ana gama taro masu haya su kwance abarsu. Kai kuma batir_open tana zaune a .text, tana nan daram har a cire modul, sai ta je neman batir_saita a inda aka riga aka kwashe. Shi ne page fault ɗin da ka gani, shi ne kuma ya sa kanel ya kashe cat.

Ka ma ci sa'a da wurin ya zama fanko. Da an riga an ba wani abu wannan wurin, ba lallai ka ga Killed mai tsabta haka ba.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba: cire __init daga batir_saita. Ka bar ta a kan fankishin da module_init kaɗai yake kira. Ka lura kuma, modpost ya gaya maka sunan mai kira da sunan wanda ake kira tun kafin ka yi insmod. Ɗan Kurmi, ko da ya bi shawararka, -w ba ta taɓa wannan layin ba, domin ita gcc, wato kompaila, kaɗai take rufe wa baki. Sai dai ta ɓoye masa na copy_from_user, wanda shi ne na biyu a haɗari.

Ɗan Kurmi: Hajiya na ji, amma ki yi min adalci. Direban da nake saukowa da shi daga GitHub wani ne ya rubuta, fayiloli sun fi ɗari, gargaɗi ba ya ƙirguwa. Mai kwamfuta yana tsaye a kaina yana jiran wayifai ta kama. In tsaya in karanta su ɗaya bayan ɗaya? Wa zai biya ni kuɗin wannan zaman?

Maman Ilham: Ba wanda ya ce ka gyara kod ɗin wani. Amma Auta nasa ne, da hannunsa ya rubuta, kuma gaban malamai zai tsaya ya kare shi. Kai ma ɗin, ba sai ka karanta duka ba. Ka adana rubutun da make 2>&1 | tee gini.log, sannan ka yi grep modpost gini.log. In ka ga undefined ko section mismatch, ka san kwamfutar za ta dawo maka shago.

Malam Na Zariya: Assalamu alaikum. Na shigo a makare, muna wajen ɗaurin aure. Hajiya ta gama da babbar matsalar, bari in ɗauki layin farko tunda shi ya tsorata Auta.

Lokacin da aka gina kanel, ana rubuta layin farko na abin da kompaila ta faɗa game da kanta a cikin CONFIG_CC_VERSION_TEXT. In ka zo gina modul, kbuild, tsarin ginin kanel, yana tambayar kompailarka ita ma, sai ya gwada rubutun biyu harafi da harafi. Bai san ma'ana ba, rubutu kawai yake gwadawa. Dubi naka da kyau: can 12.3.0, nan 12.3.0. Bambancin kawai a suna ne, can an kira ta x86_64-linux-gnu-gcc-12, nan an kira ta gcc-12. Kompaila ɗaya ce. In kana son layin ya ɓace:

make CC=x86_64-linux-gnu-gcc-12

In ka bar shi ma ba abin da zai faru.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ce kullum haka ne. In lambobin ne suka bambanta, akwai magana. Ubuntu 22.04 da gcc 11 take zuwa, alhali kanel 6.8 nata da gcc 12 aka gina shi. Wanda ya tilasta gcc 11 zai ci karo da unrecognized command-line option '-ftrivial-auto-var-init=zero', saboda sai a gcc 12 aka shigo da wannan zaɓin. Nan gini tsayawa yake yi cak, maganinsa sudo apt install gcc-12. Mai son sanin da me aka gina kanel ɗinsa ya buga cat /proc/version.

Auta: Allah ya saka da alheri Malam. Na cire __init, yanzu cat yana fito da lamba! Wallahi na yi zaton sai na kwana a kai. To na BTF ɗin fa? Na ga wasu suna cewa a kwafi /sys/kernel/btf/vmlinux a zuba a babban fayil ɗin build.

Malam Na Zariya: Ƙyale shi. BTF bayani ne kan fasalin bayanan da ke cikin kanel, kayan aikin BPF ne suke amfani da shi wajen leƙa ciki. Don a samar wa modul nasa ana buƙatar vmlinux, shi kuma kunshin linux-headers ba ya zuwa da shi, shi ya sa aka ce maka an tsallake. Modul ɗinka zai yi aiki ba tare da shi ba. Dabarar kwafin da ka gani takan yi, amma sai ta nemi ka sa pahole daga kunshin dwarves, kuma ka zuba fayil da hannu a wurin da apt yake kula da shi, sannan ka maimaita duk sabon kanel. Wahala ce ba riba, sai in za ka bi modul ɗin da bpftrace.

Na Maraɗi: Sannunku da aiki. Ina bin zancen tun ɗazu. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne layin undefined. A wurina in haka ta faru ERROR nake gani, gini ya tsaya, ba WARNING ba. Auta, yaya aka yi naka ya wuce?

Auta: Da farko ERROR ne. Sai na ga an rubuta cewa a sa KBUILD_MODPOST_WARN=1, da na sa sai ya wuce.

Maman Ilham: Ashe kai ma ɗan gidan Ɗan Kurmi ne ba mu sani ba.

Ɗan Kurmi: Ka ga ni ko? Ƙanena ne na gaskiya.

Maman Ilham: Cire shi Auta. Abin da ke faruwa shi ne, kana gina batir_core a wuri ɗaya, batir_dev a wani wuri. Da modpost ya zo kan batir_dev sai ya ga ana kiran batir_karanta, ya duba Module.symvers na kanel, wato jerin fankishin da aka fitar don modul su kira, bai gan ta ba, kuma ba wanda ya gaya masa akwai wani modul da ya fitar da ita da EXPORT_SYMBOL. Yanzu yana yi maka aiki ne saboda kana loda batir_core tukuna. Gwada juya su ka gani, insmod zai ce Unknown symbol in module.

Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne, Module.symvers yana ɗauke da lambar CRC ta kowace fankishin da aka fitar, wadda ake lissafawa daga fasalinta. Da ita kanel yake gane cewa modul biyu sun yarda da juna. Ba tare da ita ba, gobe in ka ƙara wa batir_karanta wani abin karɓa, ka sake gina core ka manta da dev, ba mai tsayar da kai a ƙofa. Sai dai ka ga lambobin banza suna fitowa, ko kwamfuta ta sandare.

Hanya biyu ce. Ko ka sa wannan a Makefile na batir_dev, da cikakkiyar hanya tun daga tushe:

KBUILD_EXTRA_SYMBOLS := /home/.../batir_core/Module.symvers

ko kuma, wadda na fi so tunda duka naka ne, ka haɗa su a Makefile ɗaya:

obj-m := batir_core.o batir_dev.o

Sai modpost ya gan su tare, magana ta ƙare.

Na Maraɗi: Hajiya, tunda an taɓo Module.symvers, ni a Raspberry Pi na taɓa sauko da tushen kanel na yi make modules_prepare, sai aka ce min Module.symvers is missing, kuma kusan komai ya zama undefined, har da fankishin na kanel kansa.

Maman Ilham: Eh, modules_prepare ba ya samar da wannan fayil ɗin, takardun kbuild ma sun faɗi haka ƙarara. Sai an gina kanel ɗin gaba ɗaya yake fitowa. Mafi sauƙi ka sa kunshin headers na daidai kanel ɗin da ke gudana, wanda uname -r ya nuna maka, yana zuwa da shi a ciki.

Na Maraɗi: Haka na yi daga baya. Wani kuma da yake yawan fito min a Pi ɗin shi ne Clock skew detected. Your build may be incomplete. Na daɗe ina zargin kod, ashe agogo ne. Pi 4 ba ta da batirin agogo, in aka ɗauke wuta kuma ba intanet, sai ta tashi da tsohon lokaci, make ya ga fayiloli sun fito daga gobe. Yanzu kafin in yi gini sai na duba date, in ya karkace in gyara, in yi make clean.

Malam Na Zariya: Wannan gargaɗin na make ne, ba na kanel ba, amma ka yi daidai da make clean. Make da lokacin fayil yake gane abin da zai sake harhaɗawa. In agogo ya rikice zai iya barin tsohon .o, ka yi ta gyara kod kana mamakin me ya sa ba abin da ya canza.

Ni fa ra'ayina a wannan zancen gaba ɗaya ya saba wa na Ɗan Kurmi baki da hanci. Ɗalibaina dokar da na kafa musu ita ce ccflags-y += -Werror. Kowane gargaɗi ya zama kuskure, gini ya tsaya har sai an gyara. Da Auta ya yi haka da bai kai ga insmod da copy_from_user a sake ba. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya shigo da -Werror cikin kanel a 5.15, shekarar 2021.

Maman Ilham: Malam, Allah ya ƙara sani, amma ka faɗi rabin labarin. Bai yi mako guda ba aka sassauta shi, aka mayar da CONFIG_WERROR abin da ba ya kunnuwa da kansa sai a ginin gwaji, saboda gine-ginen mutane da dama sun karye kan gargaɗin da ba su da hannu a ciki. A teburin ɗalibi na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma modul da za a raba wa mutane ta DKMS, tsarin da ke sake gina modul da kansa duk lokacin da aka sa sabon kanel, in ka bar -Werror a ciki ka haƙa musu rami.

Ga misali a gabanmu. Layin no previous prototype da Auta ya gani, kod ɗinsa bai canza ba a wannan wurin. A 6.8 ne aka kunna -Wmissing-prototypes ga kowa da kowa, da can sai ka sa W=1 kake ganinsa. To ka ɗauka direban wayifai ne mai -Werror. Mutum ya sabunta kwamfutarsa da dare, DKMS ya yi ƙoƙarin sake gini a sabon kanel, gini ya faɗi kan gargaɗin da bai cutar da kowa ba, da safe ya tashi ba intanet ɗin da zai nemo gyara da shi. Kuma bai san ma akwai make.log a ƙarƙashin /var/lib/dkms ba balle ya duba.

Ɗan Kurmi: Yauwa Hajiya! Su ne suke zuwa min shago da sassafe. Ashe dai muna tare.

Maman Ilham: Ba ma tare. Na ce kada a mayar da gargaɗi kuskure a kwamfutar mutane, ban ce a ɓoye shi ba.

Malam Na Zariya: Na karɓi gyara kan DKMS. Amma kan ɗalibai ban janye ba. Kuma ko -Werror ɗin ma gcc kaɗai take kamawa, section mismatch zai wuce ta, don haka ido dai ba shi da madadi. Auta, na prototype ɗin, sa static a gaban batir_read da sauran fankishin da ba a kiransu daga wani fayil. Wadda ake kira daga waje kamar batir_karanta, ka bayyana ta a fayil ɗin .h, ka shigo da shi a duka ɓangarorin biyu, har da fayil ɗin da aka rubuta ta a ciki.

Auta: An yi Malam. Na haɗa Makefile, na cire KBUILD_MODPOST_WARN, na sa static. Saura na copy_from_user da na frame size. Ga yadda batir_write take: na yi char buf[2048], na kwafo abin da aka rubuto a ciki, sannan na mayar da shi lamba. Lambar ita ce daƙiƙa nawa za a jira tsakanin karatu da karatu.

Maman Ilham: Bayit 2048 don lamba ɗaya? Auta, ko lambar asusun banki ce ai ba ta kai haka ba.

Ka ga, a shirin da ke gudana a sararin mai amfani, stak, wurin da fankishin ke ajiye bayanansu na wucin gadi, yakan kai megabayit 8, shi ya sa ka saba zuba manyan buf ba ka ji komai ba. A cikin kanel na x86_64 kilobayit 16 ne kacal ga kowane zare, wato kowane aiki da ke gudana, kuma ba kai kaɗai kake cinsa ba, duk fankishin da aka bi kafin a iso gare ka da waɗanda za ka kira suna da rabo. Shi ya sa aka sa iyakar gargaɗi, CONFIG_FRAME_WARN, wadda a naka 1024 ce. Kana iya ganinta da grep FRAME_WARN /boot/config-$(uname -r). Mai buƙatar babban wuri da gaske sai ya yi kmalloc, ya tuna da kfree a kowace hanyar fita.

Shi kuma copy_from_user yana dawo da adadin bayit ɗin da ya kasa kwafowa. Sifili ne kaɗai nasara. In shirin da ya kira ka ya miƙo adireshin banza, kwafin ba zai cika ba, kai kuma da ba ka duba ba sai ka ci gaba da lissafi da abin da ba shi aka turo ba. Ƙa'ida ita ce in bai dawo da sifili ba ka mayar da -EFAULT. Kuma ban ga inda ka gwada count da girman buf ba.

Amma a naka duk ba ka buƙatar wannan. Akwai kstrtouint_from_user, ka ba ta manunin mai amfani da count da 10 da inda za ta ajiye lambar. Ita za ta yi kwafin, ta yi juyin, ta dawo maka da kuskure in an rubuto shirme. Ka duba abin da ta dawo da shi, ka goge buf gaba ɗaya, layuka biyun su tafi tare. Ka kuma ƙi karɓar sifili, kada wani ya sa na'urar karatu ba hutu.

Auta: Kai, Anti Allah ya biya ki da gidan Aljanna. Yanzu saura layin BTF kawai. Amma a dmesg ina ganin loading out-of-tree module taints kernel, da kuma module verification failed. Wannan fa?

Malam Na Zariya: Shaida ce kawai kanel yake ajiyewa. Na farko yana cewa an loda modul da ba daga cikin tushensa ya fito ba, harafin O ke nan, lambarsa 4096. Na biyu yana cewa ba a sa masa hannu ba, harafin E, 8192. In ka duba /proc/sys/kernel/tainted bayan ka sake tada kwamfutar ka loda modul ɗin, ya kamata ka ga 12288. Amfaninsa shi ne in ka kai ƙarar matsala wurin masu kula da kanel su san akwai baƙon kod a ciki. Sai dai ka bincika kwamfutar da za ka yi nuni da ita ranar kare aiki. In Secure Boot, tsaron da ke hana loda kod marar sa hannu, a kunne yake, insmod zai ƙi ka da Key was rejected by service, sai ka sa wa modul hannu da scripts/sign-file ka shigar da makullin ta mokutil --import. Buga mokutil --sb-state a kanta tun yanzu, kada sai malamai sun zauna.

Ɗan Kurmi: Ko ya shiga BIOS ya kashe shi kawai.

Malam Na Zariya: In kwamfutar tasa ce. Ta ɗakin gwaji sau da yawa BIOS ɗin da kalmar sirri.

Maman Ilham: Auta, tunda allonka ya yi fes, ƙara abu ɗaya. Sa sparse, mai binciken kod ɗin kanel, da sudo apt install sparse, ka yi make clean, sannan make C=1 W=1. Ina so in ga abin da zai ce.

Auta: Anti kin jawo min sabo:

warning: incorrect type in initializer (different address spaces)

Yana nuna layin .write = batir_write ne a cikin file_operations, da wani makamancinsa a inda na kira kstrtouint_from_user.

Maman Ilham: Na yi zaton haka. Ka rubuta const char *buf ne a batir_write, ko? Mayar da shi const char __user *buf. Ita gcc ba ruwanta da __user, shi ya sa ba ta ce komai ba, sparse ne yake bin sawun wane manuni ne na mai amfani wane ne na kanel. Duba batir_read ma, in ba ka sa mata ba ita ma char __user *buf take so.